ƘARAR RUFE BAKI DA HANYOYIN TUNKARAR TA

Gabatarwa

Hausawa kan ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Abin da suke nufi shi ne, duk wanda ya gurfana gaban alƙali ya gurfana ne bai san ko shi ke da nasara ko abokin shari'arsa ba. To, amma akwai wata irin ƙara wadda mai shigar da ita bai damu da abin da cikin zai haifa ba. Burinsa kawai cikin ya daɗe, naƙuda ta yi tsanani, har wanda ake ƙara ya galabaita ya yi shiru, masu kallo kuwa kowa ya kama bakinsa. Irin wannan ƙara kan fito ne daga hannun mai kuɗi ko mai mulki ko wani babban kamfani, ta faɗa kan ɗan jarida, ko malami, ko manomin da ya yi kukan an ƙwace masa gona, ko wani mai kishin jama'a da ya ɗaga murya a kan abin da ya shafi kowa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan ƙara cin amanar kotu ce, kuma ba a maganinta da jaruntakar mutum ɗaya. Za a bi diddigin wata shahararriyar shari'a da aka yi a Ingila, a kwatanta ta da wasu, sa'an nan a duba abin da ya kamata mai magana ya yi, da abin da ya rataya a wuyan jama'a, da wanda ya rataya a wuyan masu yin doka.

Asalin Sunan da Ma'anarsa

Wasu malamai biyu na Jami'ar Denver ta Amurka, watau George Pring masanin shari'a da Penelope Canan masaniyar halayyar zaman jama'a, su ne suka fara nazarin wannan al'amari filla-filla a shekarun 1980, suka kuma fitar da littafi a kansa a 1996. Su suka laƙaba masa suna SLAPP, wanda haruffan farko ne na wata jimla mai nufin ƙarar da aka shirya da dabara don a hana mutane sa baki cikin al'amuran jama'a. Da gangan suka zaɓi waɗannan haruffa, domin lafazinsu ya yi daidai da kalmar Ingilishi mai ma'anar mari. Bincikensu ya nuna cewa mafi yawan masu shigar da irin wannan ƙara ba su yin nasara a ƙarshe, amma kafin a kai ƙarshen an ci wa wanda ake ƙara shekaru da dukiya da kwanciyar hankali.

A Hausa, da sai a ce mata ƙarar toshe baki, to amma toshiyar baki ta riga ta zama sunan cin hanci, saboda haka aka zaɓi "ƙarar rufe baki" a wannan maƙala. Kusancin kalmomin biyu ma abin lura ne. Mai ba da toshiyar baki yana sayen shirun mutum ne da abin da zai ba shi, mai ƙarar rufe baki kuwa yana sayen shirun ne da abin da zai raba shi da shi.

Ana gane ta da wasu alamomi. Diyyar da ake nema takan wuce hankali, ta yadda ko an sayar da wanda ake ƙara da gidansu ba za a haɗa ta ba. Sau da yawa akan bar jaridar ko gidan rediyon da ya watsa maganar, a kama marubucin shi kaɗai, domin shi ne ba shi da lauya. Akan kai ƙarar wani gari mai nisa, ko a shigar da ita kashi-kashi a kotuna daban-daban. Idan kuma an yi tayin gyara kuskure ko ba wa mai ƙara fili ya mai da martani, sai ya ƙi. Daɗin daɗawa, shi da ya kawo ƙarar shi ne kullum mai roƙon a ɗaga ta.

Shari'ar McDonald's da Mutum Biyu

A shekarar 1986 wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta masu kare muhalli a Landan, mai suna London Greenpeace, ta fara raba wata ƙasida mai shafi shida tana sukar McDonald's, kamfanin nan na Amurka mai dubban shagunan sayar da burodi da nama da soyayyen dankali a faɗin duniya. Ƙasidar ta zargi kamfanin da abubuwa da dama: cutar da lafiyar masu cin abincinsa, yaudarar yara da talla, ƙuntata wa ma'aikata, azabtar da dabbobi, sare dazuzzuka, da hannu a yunwar ƙasashe matalauta. Kamfanin ya ɗauki 'yan leƙen asiri masu zaman kansu suka shiga tarurrukan ƙungiyar kamar 'yan cikinta. A watan Satumba na 1990 ya aika wa mutum biyar sammaci, da zaɓi biyu: ko su janye maganarsu su nemi gafara, ko su haɗu a kotu.

Uku daga cikinsu suka nemi gafara. Bai kamata a ga laifinsu ba, domin a lokacin dokar Ingila ba ta ba da taimakon lauya na gwamnati a shari'ar ɓata suna, kuma kafin su, kafofin watsa labarai masu ƙarfi sun sha janye magana da zarar lauyoyin kamfanin sun rubuto musu. Sauran biyun suka ƙi. Ɗaya ita ce Helen Steel, mai aikin lambu, ɗayan kuwa David Morris, tsohon ma'aikacin gidan waya mai rainon ɗansa shi kaɗai. Su suka tsaya wa kansu a kotu ba lauya, sai ɗan taimakon shawara da suka riƙa samu kyauta daga wasu lauyoyi, musamman wani matashi mai suna Keir Starmer, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Birtaniya a 2024.

Wahalar da ke gabansu ta samo asali ne daga wata ƙa'ida ta dokar Ingila. A shari'ar ɓata suna, mai ƙara ba ya bukatar ya tabbatar da cewa maganar ƙarya ce. Doka na ɗaukar ta ƙarya ce har sai wanda ya faɗe ta ya tabbatar da gaskiyarta. Ke nan wajibi ne mai aikin lambu da tsohon ɗan gidan waya su kawo hujja a kan dazuzzukan Amurka ta Kudu, da ilmin ciwon zuciya, da yadda ake kiwon kaji, duk da aljihunsu. Bugu da ƙari, kamfanin ya roƙi kada a zauna da mutanen gari da akan zaɓo su taya alƙali yanke hukunci, wai batun ya fi ƙarfin fahimtarsu, kotu kuwa ta amince.

An fara sauraron shari'ar ranar 28 ga Yuni 1994 a gaban Mai Shari'a Rodger Bell. Ta ci kwana 313 na zaman kotu, aka saurari shaidu 130, ta zama shari'a mafi tsawo a tarihin kotunan Ingila. An ƙiyasta cewa kamfanin ya kashe kimanin fam miliyan 10, alhali kuwa abin da jama'a suka tara wa mutanen biyu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Ranar 19 ga Yuni 1997 aka yanke hukunci. Alƙali ya ce ba su tabbatar da zargin sare dazuzzuka da na yunwar ƙasashe matalauta da wasu zarge-zargen lafiya ba, ya ɗora musu diyyar fam 60,000. Amma a cikin wannan hukunci ya tabbatar da cewa tallan kamfanin yana cin moriyar raunin hankalin yara, yana biyan ma'aikata ƙaramin albashi, kuma yana da alhaki a wahalar da ake ba wasu dabbobin da yake amfani da namansu. A 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage diyyar zuwa fam 40,000, ta kuma ƙara ba su gaskiya a kan halin ma'aikata da haɗarin ciwon zuciya ga mai yawaita cin irin wannan abinci. Mutanen biyu suka ce ba za su biya ko kwabo ba, kamfanin kuma bai nemi karɓa ba. Daga nan suka kai gwamnatin Birtaniya ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai. Ranar 15 ga Fabrairu 2005 kotun ta yanke cewa an tauye musu haƙƙin samun shari'a ta adalci da 'yancin faɗar albarkacin baki, domin an bar su ba lauya a gaban abokin shari'a mai tarin lauyoyi.

Abin da Wannan Shari'a ta Koyar

Masu ba da wannan labari sukan tsaya ne a kan kunyar da kamfanin ya sha, kuma lalle ya sha ta. Ƙasidar da ake miƙawa hannu da hannu a bakin titi ta shiga intanet a 1996, aka fassara ta cikin harsuna da yawa, duniya ta karanta. Garin gyaran gira an rasa ido, ɗan hakin da aka raina kuma ya tsone ido. To, amma mai karatu ya lissafa: daga sammaci a 1990 zuwa hukuncin ƙarshe a 2005 shekara goma sha biyar ke nan daga rayuwar mutum biyu. Mutum nawa ne za su iya wannan? Cikin biyar an sami biyu, su ma ɗin don ba su da gida ko dukiyar da za a ƙwace. Saboda haka babban darasin yana wajen ukun da suka nemi gafara. An sa su janye magana baki ɗaya, alhali daga baya kotu ta tabbatar da wani sashe nata gaskiya ne. A kansu ƙarar ta yi aikinta tun ba a shiga kotu ba.

Haka abin yake a wasu wurare. Ranar 29 ga Maris 1960 jaridar New York Times ta buga wani talla na neman gudummawa ga Martin Luther King da masu fafutikar 'yancin baƙar fata. Tallan na da 'yan kurakurai, alal misali ya ce an kama King sau bakwai alhali sau huɗu ne. Wani kwamishina mai kula da 'yan sandan birnin Montgomery a Jihar Alabama, L. B. Sullivan, wanda ko sunansa ba a ambata ba, ya kai ƙarar jaridar da wasu limaman coci huɗu baƙar fata, kotun jihar ta ba shi diyyar dala 500,000. Manufar a fili take, watau a hana manyan jaridu kawo labarin abin da ake yi wa baƙar fata a kudancin ƙasar. Ranar 9 ga Maris 1964 Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe hukuncin baki ɗaya, ta kafa ƙa'idar cewa mai riƙe da muƙamin gwamnati ba zai ci diyya ba sai ya tabbatar da cewa mai maganar ya san ƙarya yake yi, ko kuwa bai damu ko gaskiya ce ko ƙarya ba. Dalilin kotun shi ne, in aka ce duk wanda ya yi kuskure kaɗan a sukar hukuma zai rasa gidansa, to har masu gaskiya ma za su yi shiru.

A tsibirin Malta, lokacin da aka kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a cikin motarta ranar 16 ga Oktoba 2017, akwai ƙararraki fiye da 40 na ɓata suna a kanta, kuma a farkon wannan shekarar wani minista ya sa an rufe mata asusun banki tun kafin a saurari ƙararsa. Bayan rasuwarta iyalanta suka gaji wasu daga cikin ƙararrakin. Wannan ne ya zaburar da Tarayyar Turai ta kafa doka a watan Afrilu 2024 don kare masu magana daga irin wannan ƙara, ko da yake dokar ta tsaya ne a kan ƙararrakin da suka haɗa ƙasa fiye da ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da malamai da ɗalibai ya fito ne daga Afirka ta Kudu. Wasu kamfanonin haƙar ma'adinai masu tushe a Ostareliya sun kai ƙarar mutum shida, lauyoyin muhalli da masu fafutika, suna neman diyyar da ta haura rand miliyan 14. Uku daga cikinsu an kai su ƙara ne a kan maganar da suka yi a wata lacca a Jami'ar Cape Town a 2017. Ashe ke nan ko ɗakin lacca bai tsira ba. A watan Nuwamba 2022 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta yanke cewa wanda ake ƙara yana da damar ya kare kansa da cewa ƙarar ta rufe baki ce, domin tana cikin nau'in wasa da kotu wanda doka ta riga ta hana, amma sai an duba manufar mai ƙara da kuma ingancin ƙarar tasa gaba ɗaya.

Hujjar Masu Cewa a Bar Kowa Ya Kai Ƙara

Akwai masu cewa duk wannan magana neman ba masu ƙazafi lasisi ne. A wajensu mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma a wannan zamani da mutum zai zauna a ɗakinsa da wayar hannu ya ɓata sunan da wani ya shekara arba'in yana ginawa, rage wa mutane damar zuwa kotu zalunci ne. Suna ƙarawa da cewa mai kuɗi ma mutum ne, yana da 'ya'ya da surukai masu jin kunya, kuma wanda aka hana shi kotu yana iya ɗaukar doka a hannunsa.

Wannan hujja tana da ƙarfi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ƙazafi laifi ne, kuma wanda aka yi wa yana da haƙƙin a wanke shi. Sai dai abin da ake nema a nan tankaɗe ne, yadda tsaba za ta wuce, tsakuwa ta tsaya. Wanda aka yi wa ƙarya da gaske yana son a yi shari'a da wuri, a wanke shi tun mutane ba su manta ba, kuma in an ba shi fili a jaridar da ta ɓata shi zai karɓa. Tankaɗe da wuri riba ce gare shi. Wanda tankaɗen zai cutar shi ne mai son shari'ar ta shekara goma. Sa'an nan kuma wanda ya nemi muƙamin jama'a, ko ya karɓi kwangilar gina musu asibiti, ko ya kafa masana'anta a bakin kogin da suke sha, ya riga ya sa kansa inda dole a yi maganarsa. Ba daidai ba ne a auna sukarsa da ma'aunin da ake auna gulmar maƙwabci.

Yadda Abin Yake a Nijeriya

Nijeriya ta gaji dokar ɓata suna daga Ingila, har da ƙa'idar nan mai ɗora wa wanda ake ƙara nauyin tabbatar da gaskiyar maganarsa. Ita Ingilar ta gyara tata a 2013, ta ce sai mai ƙara ya nuna an yi masa mummunar illa, kamfani kuwa sai ya nuna babbar hasarar kuɗi, ta kuma ba da kariya ga maganar da aka yi don amfanin jama'a. A nan kuwa, ban da ƙarar neman diyya, ɓata suna laifi ne na ɗauri, kamar yadda yake a sashe na 391 da 392 na kundin Final Kod na Arewa. Wannan ya sa mai ƙarfi ba ya ma bukatar ya biya lauya, takardar koke ga 'yan sanda ta ishe shi.

Tarihin abin yana da tsawo. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ɗaurin shekara ɗaya da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya rubuta yana sukar Gwamna Jim Nwobodo na Anambra. Kotun ta ce dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da 'yantacciyar ƙasa ba, shugaban da aka yi wa ƙarya ya je ya nemi diyya kamar kowa. Shekara guda bayan haka, Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya. A wannan zamani kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 da 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024. A watan Disamba 2024 'yan sanda suka kama lauya Dele Farotimi a Legas suka kai shi Ekiti, bisa koken Afe Babalola a kan wani littafi da ya wallafa. Ya yi kimanin mako uku a tsare kafin ya fita beli, a watan Janairu 2025 kuma mai koken ya janye bayan sarakunan Yarabawa sun sa baki. Kotu ba ta kai ga tantance gaskiya ko ƙaryar abin da ke cikin littafin ba, amma an riga an sha ɗauri. Ko wane ne ke da gaskiya a tsakaninsu, tsarin da horo ke riga hukunci zuwa yana bukatar gyara.

Hanyoyin Tunkara

Hanya ta farko tana hannun mai magana, tun kafin ya buɗe baki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai zargi wani da cin kuɗin jama'a ya tanadi takardunsa, ya ajiye kwafinsu a wuri fiye da ɗaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardu daga ma'aikatun gwamnatin tarayya, ta kuma wajabta musu amsawa cikin kwana bakwai. Ya rarrabe abin da ya gani da abin da yake zato. Cewa an ware naira kaza don gina makaranta kuma ga filin babu ko tubali, magana ce mai hujja. Cewa wane ya sace kuɗin ya sayi gida, wata magana ce daban mai neman tata hujjar. Ya kuma nemi jin ta bakin wanda zai soka, ya rubuta ranar da ya neme shi. Steel da Morris sun ci nasara ne a wuraren da suke da shaidu, suka faɗi a wuraren da ƙasidar ta zarce abin da za a iya tabbatarwa. Magana zarar bunu ce.

Hanya ta biyu ita ce ranar da takardar lauya ko sammaci ya iso. Kada a yi biris da shi, domin kotu na iya yanke hukunci a bayan idon wanda bai zo ba. Kada kuma a ruga a sa hannu a takardar neman gafara cikin firgita kafin a ga lauya, domin an rubuta irin waɗannan wasiƙu ne don su firgita. In akwai kuskure na gaskiya, a gyara shi a fili nan da nan, gyaran na rage diyya, yana kuma ƙara wa sauran maganar ƙarfi. Kada a ɓata wata hujja, kada a zagi alƙali a waje. Lauyan da ya karɓi aikin kuwa ya tuna cewa kotunan ƙasar nan suna da ikon korar ƙarar da aka shigar don wasa da shari'a, kuma a kan irin wannan iko ne kotun Afirka ta Kudu ta gina hukuncinta ba tare da jiran sabuwar doka ba.

Hanya ta uku ta jama'a ce. Ƙarfin wannan ƙara yana cikin kaɗaita mutum, saboda haka abin da ke karya ta shi ne a ƙi barin sa shi kaɗai. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na malamai da na ɗalibai su kafa asusun shari'a tun ba a kai kowa ƙara ba. Ɗakunan taimakon shari'a da ke wasu jami'o'in ƙasar nan su ɗauki irin waɗannan ƙararraki. A cika kotu ranar zama, sauran jaridu kuma su bi diddigin ainihin batun da ya jawo ƙarar, yadda mai ƙara zai ga cewa abin da yake son binnewa ƙara tonuwa yake yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan masana harshe suna da nasu aikin. Manyan kotuna da Ingilishi suke aiki, alhali yawancin sukar da talaka ke yi a Arewa da Hausa yake yin ta, a rediyo ko a waƙa ko a dandali. Dole a fassara wa kotu maganar, kuma a wajen fassarar ake iya kashe mutum ko a raya shi. Wanda ya ce "sun sha mana jini" kukan tsadar haraji yake yi, amma tafintan da ya bi kalma da kalma zai mai da shi mai zargin maita. Habaici da zambo da gugar zana da kambamawa duk suna da ƙa'idojin da mai sauraro Bahaushe ya sani, ya kuma san inda ra'ayi ya tsaya da inda zargi ya fara. Ya kamata sassan Hausa su horar da waɗanda za su iya yi wa kotu wannan bayani, su kuma fassara wa jama'a sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 da dokokin da suka shafe shi.

Hanya ta huɗu, wadda ita ce babba, tana hannun majalisa. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1992 wadda ta zama abin koyi. Wanda aka kai ƙara a kan maganar da ta shafi jama'a yana da kwana 60 ya roƙi a kori ƙarar. Da zarar ya roƙa sai a dakatar da sauran matakan shari'a masu cin kuɗi, a ce wa mai ƙara ya nuna tun yanzu cewa yana da alamar nasara. In ya kasa, a kori ƙarar, ya kuma biya kuɗin lauyan wanda ya kai ƙara. Jihohin Amurka fiye da 30 suna da irin wannan doka, haka ma lardunan Quebec da Ontario da British Columbia na Kanada. Hikimar dokar ita ce ta juya lissafi: bulalar da ba ta da tsada ga mai duka ta zama mai tsada. Tare da wannan, lalle ne a cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna. Ghana ta yi haka tun 2001, kuma a 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso, cewa ɗaure mutum saboda ɓata suna ya wuce iyaka.

Kammalawa

An kafa kotu ne don ta zama mafakar wanda ba shi da ƙarfi. Duk ranar da mai ƙarfi ya gane cewa zai iya hayar ta ta yi masa aikin ɗan banga, to an yi hasara biyu: an rufe bakin mai magana, an kuma zubar da girman kotun a idon talaka. Hasarar ba ta tsaya a kan wanda aka kai ƙara ba. Rahoton da edita ya ajiye a aljihun tebur, da tambayar da ɗalibi ya haɗiye a ɗakin lacca, da koken da mutanen ƙauye suka fasa rubutawa, babu kotun da ke lissafa su, amma su ne ainihin ribar mai ƙarar. Saboda haka mai magana ya gyara hujjarsa, jama'a su tsaya bayansa, 'yan majalisa kuma su kafa dokar da za ta tankaɗe ƙara tun a bakin ƙofa, ta ɗora kuɗin shari'a a kan wanda ya zo yi wa kotu wasa.